Ba-Ka-Mutuwa a Fadar Bagalam

Wuta ta ɗauke daidai lokacin da ya diro daga jirgi.
Fadarmu ta Bagalam ta yi duhu,
ba sauran haske sai garwashin ƙarƙashin buta.
Tsahiru ya ce, "Kar ma ta dawo.
Mun san ko targaɗe ba zai yi ba."

Ba-Ka-Mutuwa muke ce masa,
sunansa na yanka ya gagari harshenmu tun fim na fari.
Wannan na goma sha tara ke nan.

"Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya,"
in ji Illa tela, "rigar nan tasa.
Ya faɗa teku, ya fito ta bututun hayaƙi,
ya yi kokawa da ƙarti bakwai a kan jirgin ƙasa,
ko maɓalli ɗaya bai tsinke ba.
Shekara talatin ina taka keke,
ban taɓa ganin zare mai haƙuri haka ba."

Hashimu bakanike ya goge baƙin mai a gwiwa:
"Motar fa, mai tsallake kogi?
A kawo mini ita cikin rairayin Gulbi.
In ba a nemo shanu sun jawo ta ba,
ku sake mini suna."

Mushe Nomau ya gyara tabarau, ko da yake duhu ne.
"Mugun ne ke ba ni haushi.
Ka kama maƙiyinka, ka ɗaure shi tamau,
sai ka tsaya jawabi kamar mai neman kujerar depite,
ka zazzage masa cikinka kaf,
sannan ka fita ka bar ƙofa a buɗe!
Kuma wane irin ɗan leƙen asiri ne
da masu otal ke gaishe shi da suna?
Baraka ta fi shi iya aikin:
ba agogo mai harbi, ba alƙalami mai guba,
amma ta san abin da kowa ya ci jiya a layin nan."

"Ina jin ku," in ji Baraka, tana rufe kwanon kopto.
"Ku tambayar mini shi,
yarinyar da ta kwance masa igiya bara,
ina ya kai ta?
Kowace shekara sabuwa,
tsohuwa ko gaisuwar Sallah."

Sai gardama ta koma kan fuska.
Rabe ya ce na yanzu ya fi, yana zubar da jini, har kuka yake.
Tsahiru ya ce ba kuka ya biya kuɗi ya gani ba.
Aka tashi tsaye. Benci ya ɗaga. Kofi ya mirgina.

Baba Ma'azu bai ce uffan ba
sai da shayi na uku ya zagayo, mai zaƙi, marar ƙarfi.
"Na fari, da Ɗan Tani muka gani.
Dala biyar gare mu, mutum ɗaya take shigarwa,
shi ya haura katanga, ya yage wando.
Silimar yanzu siminti ake jibgewa ciki.
Ɗan Tani shekara tara ke nan yana kwance gabas da gari.
Wancan ya sake fuska sau biyar, har yau yana arba'in.
Ni guda ɗaya aka ba ni, ku duba yadda ta koma.
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne.
Amma ku bar mini mutum ɗaya
wanda ba zan je zaman makokinsa ba."

Sauro kaɗai ya amsa.

Can sai fitila ta ƙifta, yaran layi suka yi ihu.
Ga shi nan, ya sauka da ƙafafunsa,
yana karkaɗe ƙura daga kafaɗa.
"Ƙarya tsagwaronta," in ji Tsahiru,
yana jawo benci kusa.
"Rabe, ƙara murya."